Dalilin da ya sa tsofaffin komik na yaƙi ke marmashewa a Kano

In ka taɓa taya kwashe kaya a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen nan na Nassarawa GRA, irin masu doguwar baranda da bishiyoyin darbejiya, to wataƙila ka ci karo da shi: wani kwali a can ƙuryar sito ko a boskwata, an ɗora masa tsohuwar fanka da tarin jaridu. Ka buɗe sai ka ga 'yan littattafai ƙanana, girmansu bai wuce a sa a aljihun riga ba. A bango ga soja ya wage baki yana riƙe da bindiga, ko jirgin sama yana ci da wuta. A ciki zane ne baƙi da fari, galibi biyu a kowane shafi, da 'yan maganganu a cikin da'ira. Commando. War Picture Library. Battle Picture Library. Duk wanda ya yi makarantar kwana a shekarun 1960 ko 1970 zai gane su tun daga nesa, don hannu-da-hannu suke yawo a ɗakin kwana har sai bango ya rabu da jiki.

To, kafin ka hau buɗe shafuka da ɗoki, dakata. Akwai yiwuwar kana lanƙwasa gefen shafi ya ɓalle a hannunka kamar busasshen ganye. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a cikin gidan nan ɗaya, mai yiwuwa akwai rubutun hannu na kakan kakanka a cikin gafaka, ya haura shekara ɗari da hamsin, kuma takardarsa na nan da laushinta. Ta yaya ƙaramin yaro ya riga dattijo tsufa? Amsar tana cikin abin da aka yi takardar da shi, sannan tana cikin yanayin Kano.

Daga Dundee zuwa Nassarawa

War Picture Library ya fara fitowa a Landan a watan Satumbar 1958, ya ci gaba har 1984, ya haura fitowa dubu biyu. Commando kuwa kamfanin D. C. Thomson na garin Dundee a Sukotlan ne ya fara buga shi a 1961, kuma har gobe ana bugawa. Tuni ya wuce lamba 5,000. Kowanne shafi 64 ne, labari guda cikakke, farashinsa a farko sule ɗaya. Ana loda su a jiragen ruwa zuwa ƙasashen da Ingila ta yi wa mulki, su isa kantunan littattafai da hannun masu sayar da jarida. Nassarawa unguwa ce ta Turawan mulki tun farkon ƙarni na 20, a nan Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, daga baya manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen. Gidajen da ake karatun Turanci ke nan, kuma ake da wurin ajiye tarkace. Shi ya sa irin wannan kwali ya fi saurin fitowa a nan fiye da cikin gari.

Ka lura da abu ɗaya: babu wanda ya buga waɗannan littattafai don a adana. An yi su ne yaro ya karanta cikin awa ɗaya ya miƙa wa na kusa da shi. Mai bugawa kuwa ya nemi takarda mafi araha, wato 'yar'uwar takardar jarida.

Abin da ke cikin takarda

Kowace takarda zare ne na tsiro da aka baje aka busar. Ƙashin bayan zaren wani sinadari ne da ake kira selulos, wanda za ka iya ɗaukarsa kamar dogon carbi: kowane ɗan carbi ƙwayar sukari ce ta gulukos, dubbai a jere a kan tsarkiya ɗaya. Muddin carbin na da tsawo, zaren na da ƙarfi, kana lanƙwasa takarda ta miƙe. In aka yi ta tsinka shi gunduwa-gunduwa, takarda ta zama garas-garas.

Auduga kusan tsantsar selulos ce. Takardar da malaman ƙasar Hausa suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, mafi yawanta daga Italiya take, an yi ta da tsummokaran auduga da lilin da aka jiƙa aka kirɓa. Fatake ne ke ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Ita ce mai tambarin wata uku, wanda za ka gani in ka ɗaga ta sama ka haska. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa ta cikin hajojin da ake shigowa da su. Zarenta dogo ne, kuma babu wani abu mai yawa a jikinta da zai ci ta daga ciki.

Itace ba haka yake ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen itace wani sinadari ne mai suna lignin, shi ne gam ɗin da ke riƙe zaruruwa har bishiya ta iya tsayuwa. A shekarun 1840 wani Bajamushe, Friedrich Gottlob Keller, ya ƙera injin da ke niƙa gungumen itace a jikin dutse ya mai da shi ɓawon takarda. Wannan ya karya farashin takarda warwas, shi ya sa jarida ta zama abin talaka. Sai dai niƙan ba ya cire komai. Lignin ɗin duk yana nan, zaruruwan kuma sun gutsuttsure tun kafin a fara. Takarda mai tsada akan dafa itacenta da sinadarai a wanke lignin. Ta jarida da ta komik ba a yi mata wannan gata.

Daga nan matsala biyu ke tasowa. Ta farko ita ce launi. Idan haske da iskar oksijin suka taɓa lignin, sai ya sauya siga ya fara shanye shuɗin ɓangaren haske. Abin da ya rage ya dawo idonka shi ne rawaya, daga baya ruwan ƙasa. Kana iya gwada wannan da kanka: ɗauki shafin jarida, ka rufe rabinsa da faranti, ka bar shi a rana kwana biyu ko uku. Ɗaga farantin ka gani. Shi ya sa gefunan tsohon komik suka fi tsakiyarsa duhu, su ne iska da haske suka fi samu.

Ta biyu ta fi muni, don ita ce ke kashe littafin. Yayin da lignin da sauran tarkacen itacen ke lalacewa, suna haifar da asid. Shi kuma asid, in ya samu 'yar laima, aikinsa tsinka carbin selulos. Babban abin takaicin shi ne asid ɗin ba ya ƙarewa a cikin aikin, yana gama tsinka nan ya koma can, tsinkewar kuma tana ƙara haifar da wani asid ɗin. Wato takardar ce ke cin kanta a hankali. A ma'aunin pH, inda 7 ke tsakiya, tsohuwar takardar jarida takan sauko wajen 4 zuwa 5. Wani Ba'amurke mai gyaran takardu a jihar Bajiniya, William Barrow, shi ne ya yi fice a shekarun 1950 wajen nuna wa ɗakunan karatu cewa asid ne ke marmashe musu littattafai.

Hatta ƙamshin nan na tsohon littafi da wasu ke so, ƙamshin ruɓewa ne fa. Lignin in yana rushewa yana fitar da banilin, mai ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, selulos kuma yana fitar da wani mai kama da ƙamshin almon, sannan ga ɗan tsami-tsami irin na binega. A 2009 Matija Strlič da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa ana iya auna waɗannan iskoki a gane halin da takarda ke ciki ba tare da an yage ko ƙyalle ba. Kai ma hancinka na iya yin rabin aikin: in ka buɗe kwali tsami ya buge ka, abin ya yi nisa.

Ina Kano ta shigo?

Duk abin da muka faɗa yana faruwa ko a Dundee. Bambancin shi ne sauri. Tun 1889 masanin kimiyyar sinadarai ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi ke hanzarta haɗuwar sinadarai. Masu adana takardu suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk ƙarin zafi na kimanin digiri 5 a ma'aunin Salshiyos yana ninka saurin lalacewar takarda sau biyu. Yi lissafin da kanka. Daga ɗaki mai digiri 20 zuwa sito mai digiri 35 ninki uku ke nan a jere: biyu, huɗu, takwas. Tsufan da littafi zai yi cikin shekara takwas a can, a sitonka shekara ɗaya ta ishe shi. A watan Afrilu kuwa zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin rufin kwano, ko a cikin silin inda wasu ke cusa kwalaye.

Amma kada mu yi wa Kano rashin adalci. Tsinkewar nan tana bukatar ruwa, mu kuwa rabin shekara iskarmu a bushe take. A hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Wannan bushewar na cikin dalilan da suka sa rubuce-rubucen hannu suka daɗe a Kano da Katsina da Agadas da Timbuktu, abin da zai yi wuya a Legas ko Fatakwal. Matsalarmu ita ce lilo. Daga wancan bushewa sai a faɗa watan Agusta, laima ta haura kashi 70 ko 80. Takarda na shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta tsuke, kowace shekara. Bangon komik takarda ce daban da ta ciki, mai sulɓi, don haka ba sa kumbura tare. Can sai ka ga bango ya nannaɗe, gam ya saki, 'yan ƙarafunan da aka ɗinke littafin da su sun yi tsatsa sun ci ramin da suke ciki. Da zarar laima ta zauna sama da kashi 65 na wasu kwanaki, fumfuna ta samu wuri.

Sai gara. Ita ba ruwanta da asid ko lignin, selulos abincinta ne, kuma tsofaffin gidajen GRA da lambunansu gidanta ne tun kafin a haife ka. Kwalin da ke zaune a kan siminti, jingine da bango, gayyata ce. Ta ƙasa take shiga, ta cinye ciki ta bar maka saman lafiya lau, sai ranar da ka ɗaga ka ga ƙasa na zuba. Kyankyaso kuma gam yake bi, da shi da ɗan ƙwaron nan mai ƙyalli kamar azurfa da ke gudu in an ɗaga littafi.

To kuɗi ne?

Mun san tambayar da ke ranka ke nan. Ka ji labarin Action Comics na 1938, fitowar Superman ta farko, da aka sayar da kwafi ɗaya dala miliyan 6 a watan Afrilun 2024. Sauke ranka. Wancan abu ne daban. Yawancin komik na yaƙi na Ingila an buga su da yawa, kuma a can ma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Waɗanda masu tarawa ke rububi su ne lambobin farko-farko, musamman Commando na shekarun farko, da waɗanda wani mai zane sananne ya yi. Hugo Pratt, ɗan Italiyan da daga baya ya ƙirƙiro Corto Maltese, ya yi wa War Picture Library zane tun bai yi suna ba. Ian Kennedy, wanda ya rasu a 2022, ya zana bangon Commando fiye da dubu, kuma jiragen samansa har yau ana yabonsu.

Ko a waɗannan ma, lafiyar littafi ita ce farashi. Kamfanin CGC na Amurka, da aka kafa a 2000, yana auna komik daga 0.5 zuwa 10, yana kuma duba launin takarda, daga fara zuwa wadda ta yi garas. Wanda ya kwana shekara hamsin a sito a Kano da wuya ya yi nisa a wannan sikeli. In kana son sanin shekarun naka, dubi farashin bango. In da alamar sule ce, kamar 1/-, an buga shi kafin Ingila ta sauya kuɗinta a Fabrairun 1971. In ƙaramin harafin p ne, bayan nan ne. A kula kuma, kamfanonin sun sha sake buga tsohon labari da sabuwar lamba.

A ganinmu darajar kwalin nan ba a kasuwar Landan take ba. Hatimin kanti a shafin farko, sunan ɗalibi da ajinsa da biro, farashin da aka rubuta da kwabo bayan zuwan naira a 1973, duk waɗannan aibi ne a wurin ɗan kasuwa. A wurin mai binciken tarihi kuwa su ne shaidar abin da yaran Kano ke karantawa, da inda suke samu.

Kuma abin da suke karantawa ɗin akwai abin dubawa a ciki. Ka zauna ka bi labaran yaƙin Bama da ke cikin kwalin, ka ƙirga baƙaƙen sojoji. Da wuya ka cika yatsun hannu ɗaya. Alhali kimanin sojojin Afirka ta Yamma dubu 90 ne suka je wancan fage, fiye da rabinsu daga Najeriya, kuma Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ita da ta 82 suka kama Myohaung a Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka kai bayan layin Japanawa. Sunayen na nan a barikokinmu: Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas. Filin jirgin Kano kansa zango ne a hanyar da jiragen yaƙi ke bi daga Takoradi zuwa Khartum da Alƙahira tun 1940. Wato yaro na kwance a Nassarawa yana karanta yadda Sajan wane Bature ya ci Japanawa shi kaɗai, alhali mai gadin da ke bakin ƙofa wataƙila ya taka dajin da ƙafarsa, ba wanda ya zana shi. A 2007 Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya ba da wannan labari a littafinsa Burma Boy. Wanda ke son ya nuna wa ɗalibai yadda ake goge mutane daga tarihi, waɗannan 'yan littattafai hujja ce a hannu. In sun marmashe, hujjar ta tafi.

Yadda za ka rage musu gudu

Ba za ka iya mai da tsohuwar takarda sabuwa ba. Carbin da ya tsinke ya tsinke. Ko manyan ɗakunan karatu da ke fesa sinadarin kashe asid, tsayar da ɓarna kawai suke yi. Abin da ke hannunka shi ne ka rage zafi, ka rage lilon laima, ka hana haske da ƙwari.

Fara da fitar da su daga sito. Nemi ɗakin da ya fi sanyi a tsakiyar gida, wanda bangonsa ba ya shan rana, ba ya kuma maƙwabtaka da banɗaki ko kicin. Ɗora su a kan kanta, nesa da ƙasa, da ɗan tazara daga bango yadda za ka ga hanyar gara in ta fara gini. Kada ka ce sai ɗaki mai iyakwandishan. Na'urar da ke aiki awa huɗu a ɗauke wuta awa goma, lilo take ƙarawa. Ɗaki mai matsakaicin zafi da ba ya sauyawa ya fi. Akwatin ƙarfe irin adakar iyayenmu yana da kyau ƙwarai, yana hana ɓera da haske, yana kuma sassauta sauyin laima, da sharaɗin ka rufe shi a lokacin rani kayan na bushe. In ka rufe a Agusta, ka kulle danshi ne a ciki. 'Yan ƙunshin nan na silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna taimakawa, amma suna ƙoshi, sai an riƙa busar da su.

Ƙura kuwa a share ta da burushi mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe, ban da tsumma mai ruwa. In ka ga fumfuna, ware wannan littafin, ka bar shi ya bushe a inuwa inda iska ke kaɗawa, sannan ka share a waje da takunkumi a hancinka. Kada ka shanya a rana, ka tuna farantin nan. Wanke hannu ka busar ya fi sa safar hannu, don safa na kama gefen shafi ta yage shi.

Akwai abubuwa uku da mutane ke yi da kyakkyawar niyya, kuma su ne suka fi ɓarna. Salatif: gam ɗinsa na nutsewa cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, ledar kuma ta faɗi bayan 'yan shekaru. Robar ɗaure kuɗi: tana narkewa ta manne. Sai uwa-uba laminatin, wanda muka ɗauka shi ne ƙarshen gata. Zafi ake sa wa takardar, a narka mata leda a jiki, a kulle ta da asid ɗinta, kuma ba a iya warwarewa. Wannan gargaɗin har da takardun shaidarka na makaranta. In za ka sa kowane komik a leda, nemi ta foliyesta ko folifurofilin, ka bar bakinta a buɗe. Guji leda mai taushi mai warin sabon labulen wanka, wato PVC, don ita ma asid take fitarwa in ta tsufa. In babu, farar takardar fotokwafi ta yanzu galibi ba ta da asid. Naɗe kowanne a ciki, ka sauya in ta fara rawaya. Kwantar da su a jere, kada tarin ya wuce goma zuwa goma sha biyar.

Duk wannan ya shafi tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939, da mujallar hotunan nan African Film ta Lance Spearman, da littattafan soyayya na kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990 da ke jibge a ƙarƙashin gadon innarka. Da yawansu a kan takarda mai araha aka buga su, kuma su babu wani kamfani a Dundee da ya ajiye kwafinsu.

Tun kafin ka nemo akwati ma, ɗauki wayarka. Ajiye littafin a kan tebur kusa da taga, a hasken da ba rana kai-tsaye ba, ka buɗe shi iya inda ya yarda ya buɗu, kada ka danne shi a kan gilashin sikana don bayansa zai karye. Ɗauki bango gaba da baya, da kowane shafi, har da wanda aka yi wa rubutu da biro. Shafi 64 ba zai ci maka minti ashirin ba.